Likitan haƙori a mararraba: wane fanni za a zaɓa bayan jarrabawar share fage?

Sau biyu a kowace shekara, manyan kwalejoji biyu da ke horar da ƙwararrun likitoci a ƙasar nan sukan fitar da sakamakon jarrabawarsu ta share fage. Ɗaya ita ce Kwalejin Horar da Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa da ke Ijanikin a Jihar Legas, wadda aka kafa a 1979. Ɗayar kuma ita ce Kwalejin Likitocin Tiyata ta Afirka ta Yamma, wadda likitocin haƙori suke da tasu tsangayar a cikinta. Duk matashin likitan haƙorin da sunansa ya fito ya cancanci a yi masa barka, domin jarrabawa ce da ke mayar da mutum ga karatun ƙirar jiki, da yadda gaɓoɓi ke aiki, da asalin cututtuka, wato darussan da ya baro tun yana aji biyu da aji uku a jami'a. Da yawa sai sun zauna mata fiye da sau ɗaya kafin su haye. Sai dai hangen Dala ba shiga birni ba ne. Tun murna ba ta lafa ba tambaya mai nauyi take tasowa: to, wane fanni za ka shiga?

Wanda ba likita ba zai iya ɗaukar wannan a matsayin maganar cikin gida da ba ta shafe shi ba. Ni kuwa ina ganin ta shafi kowa. Amsar da waɗannan matasa za su bayar ita ce za ta nuna, nan da shekara goma, ko yaron da aka kawo daga ƙauye da kumburin muƙamuƙi zai sami wanda zai gano ainihin cutarsa cikin mako guda, ko kuwa zai yi wata uku ana yawo da shi. Shi ya sa na ga ya dace a fito da zancen fili, ɗalibai su ji, iyaye ma su ji, domin su ne sukan fi matsa wa yaro lamba a kan abin da zai zaɓa.

Tsawon hanyar

Kafin a yi maganar zaɓi, ya kamata a san tsawon tafiyar. Likitan haƙori yakan yi shekara shida a jami'a, ya yi shekara guda ta sanin makamar aiki a asibiti, ya ƙara wata shekarar ta hidimar ƙasa. Bayan ya ci jarrabawar share fage, sai ya nemi gurbi a asibitin da kwalejojin suka amince ya horar. Horon mataki biyu ne. A na farko yakan zagaya sassa dabam-dabam, ya rufe da jarrabawa mai tsanani. A na biyu yakan duƙufa a kan fanninsa kaɗai, ya gudanar da bincike, ya rubuta kundi, ya kare shi a gaban manya. Idan babu faɗuwa kuma babu dogon yajin aiki, ana maganar kimanin shekara shida. Ke nan wanda ya shiga jami'a yana ɗan shekara 18 zai zama babban likita yana dab da shekara 35, sannan ya yi kusan shekara 30 yana aikin da ya zaɓa. Wanda ya yi nisa sannan ya gane ba wurinsa ba ne, komawa baya tana cin shekaru, ga iyali sun fara yawa.

A Indiya, inda ɗalibanmu da dama suke zuwa karatu, jarrabawa ɗaya ce ta ƙasa baki ɗaya mai suna NEET-MDS, kuma matsayin da mutum ya samu a jerin waɗanda suka ci shi ne yake buɗe masa ko ya rufe masa ƙofar fannoni tara da suke da su, karatun kuwa shekara uku ne. A wurinmu yawan maki ba shi ne babban shinge ba. Shingenmu gurbi ne. Asibitocin da ke horarwa kaɗan ne, ɗaukar aiki yakan yi jinkiri, kuma sakamakon jarrabawar share fage yana da wa'adin da yake ƙarewa. Ga Arewa kuma abin ya fi tsanani, domin mun makara. An buɗe makarantar likitancin haƙori ta farko a Jami'ar Legas tun 1966, Ibadan da Ife da Benin suka biyo baya, amma sai bayan shekara ta 2000 Jami'ar Maiduguri da Jami'ar Bayero ta Kano suka buɗe nasu. Malaman da za su horar a wasu fannoni har yanzu ana ƙirga su da yatsun hannu.

Abin da ke jan matasa

A shekarun da na yi ina aiki tare da likitoci masu neman ƙwarewa, na lura abubuwa biyar ne suka fi yanke wa matashi hukunci. Akwai mai bin suna, wanda yake jin idan ba ya shiga ɗakin tiyata to bai cika likita ba a idon dangi. Akwai mai bin kuɗi, wanda ya ji labarin abin da ake biya a Abuja don ɗaura wa yaro wayar daidaita haƙora. Akwai mai hangen ficewa ƙasar waje. Akwai wanda wani malami ya burge shi yana ɗalibi, ya so ya zama kamarsa. Akwai kuma wanda ya gaji da jira, duk gurbin da ya buɗe sai ya faɗa. Babu ɗaya daga cikin waɗannan dalilai da zan kira abin kunya. Matsalarsu ita ce ba sa jure wa shekaru. Suna yakan zama jiki cikin wata shida, malamin da ya burge ka zai yi ritaya ko ya koma wani wuri, kasuwa kuma tana juyawa.

Abin da yake dawwama shi ne aikin yau da kullum. Shawarata ga duk wanda ya zo mini da wannan tambaya ɗaya ce: ka manta da ranar da fannin ya fi ƙayatarwa, ka dubi ranar Talatarsa, ranar da babu baƙi, babu ɗaukar hoto, sai layin marasa lafiya da aikin da aka yi jiya za a sake yi gobe. Idan za ka iya maimaita wannan rana sau dubu ba tare da ka tsani kanka ba, to ka sami fanninka. Sannan ka ɗora tambaya ta biyu a kan ta farko: a garin da nake son zama, bakin mutane yana bukatar wannan aikin kuwa, kuma akwai kayan yin sa?

Ranar Talatar kowane fanni

Tiyatar baki da muƙamuƙi da fuska ita ce ta fi farin jini a wajen samari. Ranarta takan fara ne tun daren jiya, da kiran gaggawa: ɗan acaɓa ya faɗi muƙamuƙi ya karye, ko ruɓewar turmi ɗaya da aka yi sakaci da ita ta zama ƙurji, ya bazu ƙarƙashin harshe da wuya har yana neman toshe numfashi. Da safe ga zagayen ɗakin kwanciya, ga kuma aikin cire ƙari da zai iya ɗaukar awa shida ko takwas a tsaye. Akwai wani ƙari mai suna amelobilastoma da ya yawaita a ƙasar nan, wanda yake girma a hankali ba tare da zafi ba, sai a bar shi shekaru har ya cinye rabin muƙamuƙi kafin a zo asibiti. Sashen tiyatar muƙamuƙi na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello ya shafe shekaru masu yawa yana karɓar irin waɗannan daga ko'ina a Arewa. Aiki ne mai ceton rai, amma rabinsa jira ne: jiran ɗakin tiyata, jiran jini, jiran mai sa barci, jiran dangi su sayar da akuya su kawo kuɗin ƙarfen da za a ɗaure ƙashi. Wanda ba ya jure rashin barci, ko wanda mutuwar mara lafiya take hana shi sukuni na makonni, ya yi tunani sau biyu.

Daidaita haƙora kishiyar wannan ce ta fuskar sauri. Babu kiran dare, babu jini. Akwai awo, da nazarin hoton ƙoƙon kai, da lissafin yadda fuskar yaro za ta girma. Mara lafiya ɗaya zai riƙa dawowa duk bayan mako huɗu ko shida har kusan shekara biyu, wani lokaci fiye, ana motsa haƙori da kaɗan-kaɗan. Fanni ne na mai haƙuri da son tsari. Amma kayansa daga waje ake shigo da su, farashinsu yana bin dala, masu iya biya kuwa sun taru ne a 'yan manyan birane. Wanda ya zaɓe shi ya zaɓi zaman birni ke nan, ya kuma shirya gogayya da waɗanda suka riga shi kafa asibiti.

Fannin gyara da ciko shi ne ƙashin bayan aikin haƙori. A nan ake ceto haƙorin da a wani wuri da an cire shi. Wanke jijiyar haƙori aiki ne a cikin rami da bai kai kaurin allura ba, turmi ɗaya kuma yana iya samun irin wannan rami uku ko huɗu, wasu a lanƙwashe. Ana yin sa a zaune, a sunkuye, awa bayan awa, shi ya sa ciwon baya da na wuya suka zama abokan masu wannan sana'a. Yana bukatar ido mai kyau, da hannu marar rawa, da wutar lantarki da ba ta ɗaukewa a tsakiyar aiki. Ɗan'uwansa shi ne fannin haƙoran roba, da hular haƙori, da dashe. Mutane sukan ɗauka aikin kwalliya ne na masu kuɗi, alhali shi ne yake ƙera abin da ake toshe ganda da shi ga wanda aka cire wa ƙari, don ya iya shan kunu ba tare da ya fito ta hanci ba. Mai wannan fanni ba ya aiki shi kaɗai. Idan babu ƙwararren mai ƙera haƙora a ɗakin gwaji, iliminsa ya tsaya a takarda.

Fannin dasashi ba shi da masoya da yawa, ga shi kuwa cutar dasashi tana cikin manyan abubuwan da ke raba manya da haƙoransu. Tana tafiya kafaɗa da kafaɗa da ciwon suga, kowane yana ƙara wa ɗaya ƙarfi, kuma ciwon suga yana ƙaruwa a garuruwanmu. Nasarar mai wannan fanni ta rataya ne a kan ko mara lafiya zai canja ɗabi'arsa a gida, don haka rabin aikin lallashi ne da koyarwa.

Likitan haƙorin yara shi kuma sai ya fara da samun amincewar ɗan shekara huɗu da yake kuka tun daga ƙofa. Shi ne yake kula da bakin yaro mai sikila, da mai lalurar ƙwaƙwalwa, da wanda ya faɗi a makaranta haƙorin gaba ya fita. Shi ne kuma yake fama da wani kuskure da ya yawaita a wajen iyaye: turmin farko na dindindin yana fitowa ne yaro yana da kimanin shekara shida, a bayan haƙoran nono, ba tare da wani ya faɗi ba, sai a ɗauka shi ma na nono ne a bar shi ya ruɓe. A yankin da kusan rabin jama'a yara ne, ƙarancin masu wannan fanni abin damuwa ne ƙwarai.

Sai fannin gano cututtukan baki, wanda ya haɗa mai duba tsoka a ƙarƙashin madubin ƙara girma, da mai maganin cututtukan baki da ba sa bukatar wuƙa, da mai karanta hoto. Matasa sukan guje shi saboda babu tafi a cikinsa. Amma a dubi wannan misali. Yara biyu sun zo da kumburin muƙamuƙi mai kama da juna. Na ɗaya ƙari ne da sai an yanke. Na biyu kuwa sankarar Burkitt ce, wadda wani likita mai suna Denis Burkitt ya fara bayyanawa a Yuganda a 1958, tana girma cikin makonni, kuma maganinta na jijiya ne, ba tiyata ba. Wanda yake zaune a gaban madubi shi ne zai raba tsakaninsu, kuma kowace rana ta jinkiri tana rage wa yaro na biyu dama. Haka nan sau da yawa a baki ake fara ganin alamar ƙarancin jini, ko raunin garkuwar jiki, ko sankara tun tana ƙarama.

Na ƙarshe shi ne fannin lafiyar bakin al'umma. Mai wannan fanni ranarsa tana ƙarewa a makarantun firamare, da ɗakunan shan magani na karkara, da ofisoshin ma'aikatar lafiya. Shi ne yake ƙirga cuta, ya tsara rigakafi, ya horar da ma'aikatan lafiya na matakin farko. Shi ne zai auna ruwan rijiya ya gane cewa jan haƙoran da ake gani a yankin Langtang na Jihar Filato daga yawan sinadarin fuloraid ne, ba daga ƙazanta ba. A Jos akwai cibiyar binciken lafiyar baki ta ƙasashen Afirka da aka kafa don irin wannan aiki. Kusa da shi akwai likitancin haƙori na iyali, wanda Kwalejin Ƙasa ta ware wa tsangaya ta musamman, kuma shi ya fi dacewa da wanda zai zama ƙwararre shi kaɗai a babban asibitin ƙaramar hukuma, inda komai zai zo hannunsa.

Bakin Arewa

Tambaya ta biyu, wato abin da mutane suke bukata, tana da amsa a fili idan aka dubi cutar noma, wadda a wasu wurare ake kira ciwon iska. Tana kama yara ne galibi 'yan shekara biyu zuwa shida, waɗanda yunwa ta raunana, sau da yawa bayan ƙyanda ko zazzaɓi. Tana farawa da gyambo a dasashi, cikin 'yan kwanaki ta huda kunci ta ci leɓe da hanci. Idan ba a yi magani ba, tana iya kashe tara daga cikin goma. An buɗe asibitin yara masu noma a Sakkwato a 1999, ƙungiyar likitoci ta MSF tana tallafa masa tun 2014, kuma Najeriya ce ta jagoranci neman da ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka cutar cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su a watan Disamba na 2023.

Abin lura shi ne, gyaran fuskar wanda noma ta ci yana bukatar tiyata hawa-hawa, wani lokaci na shekaru. Amma a matakin farko, lokacin da take gyambon dasashi, maganin kashe ƙwayoyin cuta da tsaftar baki da abinci mai gina jiki sun isa su tsayar da ita. Ke nan likita ɗaya da ya koya wa ma'aikatan lafiya na karkara su riƙa buɗe bakin duk yaro mai tamowa suna dubawa zai iya hana abin da likitocin tiyata goma ba za su gama gyarawa ba. Rigakafi ya fi magani magana ce da kowa ya haddace, amma idan aka zo zaɓen fanni sai a bar wa rigakafi wanda ya rasa gurbi a wani wuri.

Ba ina cewa a guji tiyata ba ne. Muna bukatar masu tiyata fiye da waɗanda muke da su. Abin da nake nunawa shi ne aikin sarƙa ce. Yaron da aka haifa da tsagewar leɓe da ganda yana bukatar mai tiyata, da likitan yara, da mai daidaita haƙora, da mai haƙoran roba, daga jariri har ya balaga. Idan kowa ya ruga zobe ɗaya, sarƙar ta tsinke a sauran. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kuma ga matashi mai lissafi, fannin da babu cunkoso shi ne inda ake saurin samun gurbi, da kujerar koyarwa a sababbin tsangayoyin da ake buɗewa, da damar kafa sashe tun daga tushe.

Kuɗi da ƙetare

Ba zan yi kamar kuɗi ba su da muhimmanci ba. Amma a san cewa a asibitin gwamnati ma'aunin albashi ɗaya ne ga manyan likitoci, kowane fanni mutum ya karanta. Bambancin yana fitowa ne a aikin asibiti mai zaman kansa, inda gyara da ciko, da haƙoran roba, da daidaita haƙora suka fi kawo kuɗi. Su ne kuma suka fi cin jari. Kujerar aiki, da injin iska, da na'urar hoto, da janareta ko sola, duk sai an saya kafin mara lafiya na farko ya shigo. Mafi yawan mutanenmu daga aljihunsu suke biya, kuma da yawa ba sa zuwa sai zafi ya hana su barci, lokacin da abin da suke nema shi ne a cire. Wanda ya gina lissafinsa a kan farashin Abuja, sannan ya buɗe asibiti a garin da ba a saba da ciko ba, zai sha mamaki.

Mai hangen ƙetare shi ma ya binciki ƙa'idar ƙasar da yake nufa tun kafin ya zaɓa. A Birtaniya sai ya ci jarrabawar rajista ta hukumar likitocin haƙori kafin ya taɓa bakin kowa, kuma ba a zama ƙwararren mai tiyatar muƙamuƙi a can sai da digiri biyu, na haƙori da na likitancin jiki. A Amurka galibi sai wanda ya yi karatu a waje ya koma makaranta na kimanin shekara biyu da kuɗi mai yawa. Saudiyya da maƙwabtanta sukan ɗauki waɗanda suka kammala horo a nan, amma bukatarsu tana sauyawa daga lokaci zuwa lokaci. Wanda ya ɗauki fannin da ba ya so don kawai ya zame masa tikitin jirgi, yana iya ƙarewa babu jirgin, ga fannin ya zame masa ƙarfen ƙafa.

Akwai kuma maganar 'yan'uwanmu mata, waɗanda yawansu yake ƙaruwa a ajujuwan likitancin haƙori. Na sha jin ana ba su shawara su nemi fanni marar kiran dare saboda aure da reno. Lissafin iyali gaskiya ne, kuma ya kamata a zauna da miji da iyaye a yi shi a fili tun kafin a fara, a san wa zai riƙe yara a daren aiki da lokacin jarrabawa. Amma na ga mata da suka yi fice a ɗakin tiyata, na kuma ga maza da suka fi dacewa da yara. Jinsi ba ya gaya wa mutum inda hannunsa ya faɗa. A bar ta ta auna da kanta, a taimaka mata a kan abin da ta zaɓa.

Kafin a sa hannu

Gani ya kori ji. Wanda yake tsakanin fannoni biyu ya nemi izini ya yi mako biyu ko uku a kowane sashe, ya zo da safe ya tashi tare da su, har da daren aiki idan akwai. Kada ya tsaya a kan abin da shugaban sashe zai faɗa masa. Ya nemi wanda yake shekara ta huɗu a horo, ya tambaye shi a keɓe: manyan likitoci nawa ne a sashen, kuma nawa ne suke zuwa kullum? Amincewar kwaleji cikakkiya ce ko ta wucin gadi, kuma yaushe za ta ƙare? Kujeru nawa ne suke aiki? Mai neman ƙwarewa yana samun yin aiki da hannunsa, ko kallo kawai yake yi? Mutum nawa suka kammala a shekara biyar da suka wuce, kuma shekara nawa ta ɗauke su? Idan sashen ba shi da wani ɓangare na horo, ina ake tura mutum, wa yake biyan kuɗin zama? Amsar waɗannan tambayoyi takan bambanta ƙwarai daga asibiti zuwa asibiti, har ya zama fanni mai kyau a wuri marar kaya ya fi zama azaba a kan fanni na biyu a wurin da ake koyarwa da gaske.

Ya kuma tambayi jikinsa, domin jiki magayi ne. A shekarar sanin makamar aiki, a wane sashe ne lokaci yake wucewa bai sani ba? A wane ne yake duban agogo? Wane aiki ne idan ya lalace yake ɗokin sake gwadawa, wane ne kuma yake addu'ar kada a sake ba shi? Wannan shaida ta fi duk shawarar da abokai za su bayar a zauren WhatsApp.

Idan kuma gurbin da ya buɗe ba na fannin da yake so ba ne, sai ya auna da idon basira. In fannin yana kusa da abin da yake so, kuma zai iya zama da ranar Talatarsa, ya karɓa. In kuwa ya san zuciyarsa ba ta wurin ko kaɗan, gara ya ƙara shekara guda yana aiki yana nema, ko ya duba wani gari, da ya toshe gurbin da wani yake mafarki, ya bar shi bayan shekara biyu. Sannan ba dole ba ne kowa ya zama ƙwararre a fanni ɗaya. Likitan haƙori na gama-gari mai hannu mai kyau, wanda ya san iyakarsa kuma ya san lokacin turawa gaba, ya fi amfani ga gari a kan ƙwararren da ya tsani aikinsa.

Nauyin hukuma

Ba adalci ba ne a ɗora wa matasa dukkan nauyin. Dokar horar da likitoci masu neman ƙwarewa da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a 2018 ta tanadi asusun tallafa wa horon, amma jinkirin biyansa yana cikin abubuwan da suka sha jawo yajin aiki. Gwamnatocin jihohin Arewa suna da abin yi da bai fi ƙarfinsu ba. Za su iya ɗaukar nauyin likitocinsu su je horo a asibitocin tarayya da albashinsu, a kan yarjejeniyar dawowa. Za su iya fifita fannonin da jihar ba ta da kowa a cikinsu. Za su iya tabbatar da cewa wanda ya dawo ya tarar da kujera mai aiki da madubi da wuta, domin babu abin da yake korar ƙwararre kamar ya yi shekara shida yana koyo, ya dawo ya tarar ba abin da zai iya yi sai cire haƙori. Asibitocin koyarwa kuma su riƙa bayyana gurabensu a fili, sashe-sashe, a kan lokaci, don mai nema ya san abin da yake nema.

Ga wanda sakamakonsa ya fito a bana, ina taya shi murna, ina kuma roƙonsa kada ya yi gaggawa. Ya ɗauki wata guda ya zagaya sassan, ya yi tambayoyin da na lissafa, ya je babban asibitin garinsu ya zauna a ɗakin haƙori ya ga abin da ake kawowa da abin da ake turawa gaba saboda babu mai yi. Sannan ya cike takardar.